Jirgin da Baba Issaka Ya Ɗora Mini a Bayan Mota

Baba Issaka ya rasu.

Da safen nan ina tsaye a kicin, ban ma kai ga zuba ruwan shayi ba, 'yarsa Fati ta kira ni. Da Turanci ta fara, kamar yadda yaranmu na nan suka saba, sai muryarta ta karye, ta ce, "Uncle Habu, Baba ya tafi."

Tun tana goye na san Fati. Ban taɓa jin ta yi mini Hausa ba sai yau.

Daga Allah muke, kuma can ne makomarmu.

Daga baya na zauna rubutu. Na rubuta wannan na goge, na sake rubutawa. Ni rubutuna na cikin diary ne, wanda ba mai karantawa sai ni, shi ya sa in kun ga na yi tsawo ko na karkace, ku yi haƙuri.

Ga waɗanda ba su san shi ba, Baba Issaka mutumin Kumasi ne, haifaffen zango. Bakanike ne a wani gareji a Edmonton. Duk wanda ya ja minicab, wato tasi, a arewacin London a shekarun tamanin da casa'in, in dai yana jin Hausa, to da wuya motarsa ba ta kwana a hannunsa ba.

A masallacin Whitechapel na fara ganinsa, bayan sallar Juma'a, a hunturuna na farko a ƙasar nan. Ban daɗe da gama sakandare a Kano ba, na zo karatun da bai yiwu ba. Ina tsugune ina neman takalmina cikin tarin takalma, ina magana ni kaɗai, sai na ji murya a bayana.

"Ɗan'uwa, duba ƙasan benci."

Na juyo na ga wani gajeren mutum mai faɗin kafaɗa, farcensa duk baƙin mai. Bai tambayi sunana ba. 'Yar rigar sanyin da ke jikina ya kama da yatsa biyu ya murza.

"Wa ya tsane ka ya ba ka wannan?"

Ya ja ni har inda ya yi parking, ya buɗe but, ya ciro wata tsohuwar kwat mai warin gareji ya ɗora mini. Hannuwanta ba su kai mini wuyan hannu ba, amma ita ta fitar da ni hunturun nan.

Da ɗakin da nake raɓe ya ƙwace mini, a falonsu na kwana, a flat ɗin council, gidan hayar hukuma, wata da watanni. Matarsa Anti Memuna ba ta taɓa nuna mini a fuska ba. A gidan na fara cin wake da shinkafa irin na Ghana, da yajin nan nasu baƙi da ke sa mutum hawaye yana ƙara miƙa kwano.

Abin da muke faɗa a kai guda ɗaya ne, Hausarsa. Baba Issaka ba ya raba mace da namiji. Sai ya ce, "Matana ya dafa abinci, mota ya lalace, yarinya ya yi barci." Ni kuma da ɗanyen kai na ɗan Kano sai in gyara masa.

"Baba, ta dafa ake cewa."

"Ka ci ko ba ka ci ba?"

"Na ci."

"To ya dafa ke nan. Ku Kano kuna da lokaci. Mu a Kumasi aiki ya yi yawa, kowa shi ne."

Shi ya koya mini mota, ranakun Lahadi da safe, a filin parking na wani babban kanti da ba a buɗewa ranar. Ba ya cewa in ƙara gudu, gwiwata kawai yake dannawa da hannu. Na faɗi test ba sau ɗaya ba, kuma kullum laifin ɗaya ne, na cika jinkiri. Ina isa roundabout sai in tsaya ina ba kowa hanya har na bayana su fara hon. A nan ya sa mini Malam A-Hankali, kuma har yau akwai mutane a Edmonton da ba su san sunana Habu ba.

Abin da da yawa ba su sani ba shi ne, mota ba ita ce sana'arsa ta asali ba. Ya yi aikin soja a Ghana, a ɓangaren gyaran jiragen sama. Da ya zo nan takardunsa ba su yi masa aiki ba, ya koma ƙarƙashin mota. Amma duk Asabar sai ya tafi wani ƙaramin filin jirgi a Essex, can bayan gari cikin gonaki, yana taya wani Bature, Mista Alan, aiki. Mista Alan tsohon matuƙi ne, ya yi shekaru a Kanada, kuma yana da takardar gyaran jirgi. Da na samu lasisi ni nake kai Baba, in zauna a gefe ina miƙa sifana.

A farkon shekarun casa'in Mista Alan ya sayo wani ƙaramin jirgi da ya yi hatsari. A babbar mota aka kawo shi, fukafukai daban, gangar jiki daban. Jirgin ba shi da taya. A inda taya ya kamata ta kasance, wasu dogayen kwale-kwale biyu ne na ƙarfe, don a kan ruwa yake tashi, a kan ruwa yake sauka.

Hunturu biyu suka yi suna haɗa shi. Baba Issaka ya san kowane noti a jikinsa.

Da suka gama sai ga matsala. Jirgi ya warke, amma filin ba ruwa, ko kududdufi babu. Ruwan da aka ba su izinin sauka yana can bakin teku, inda wani kogi ya buɗe. In an ce a sake kwance fukafukai a kai shi a mota, to a can ba rumfa, ba abin ɗagawa, sai laka, kuma dole a sake duba komai daga farko. Mista Alan ya ce shi ba zai ƙara kwance jirgin nan ba. A Kanada, in ji shi, ya ga ana tayar da irinsa daga tudu, kuma hanya ba ɗaya ba ce.

Da raɓa aka fara. Wai in ciyawa ta jiƙe da sassafe tana santsi, jirgin zai iya sulalewa a kanta kamar a ruwa. Muka yi sammako. Mista Alan ya ba inji wuta har ƙasa tana rawa, jirgin ya ja ciki kamar tsawon motoci biyu, ya kafe. Baba ya ce ciyawar Ingila ba ta da kirki. Ya kawo shawarar a zuba ruwan sabulu, aka dubi tsawon filin, aka bar maganar.

Sai aka yi maganar amalanke mai taya huɗu, a ɗora jirgin a kai, ya tura kansa da farfelarsa, in ya tashi ya bar amalanken a ƙasa. Baba ya ƙi. Ya ce amalanken da ba direba, in ya ci karo da rami ya yi tsalle, wutsiyar jirgin zai daka.

Saura hanya ɗaya. A ɗora jirgin a tirela, mota ta ja shi a guje a kan titin jirgi, in gudun ya kai, ya ɗaga daga bayan motar ya wuce ta samanta.

Bitrus, wani ɗan Filato mai walda a garejinsu, shi ya taya Baba ƙera shimfiɗar da kwale-kwalen za su zauna a kai. Da aka gaya masa abin da za a yi, ya ɗaga gilashin waldarsa ya dube mu.

"Tsaya in gane. Jirgin ruwa ne, kuna so ya zama jirgin sama, amma sai kun fara mai da shi jirgin ƙasa?"

"Ka gane," in ji Baba.

"Turawa sun raba musu suna don kada a yi irin wannan haukar. Mu da muka ce duk jirgi ne, ga inda ta kai mu."

Sun yi makonni a kan tirelar nan. Jirgin ba ɗaure shi za a yi ba, zama kawai zai yi, da katako a gaba da gefe suna tare shi. Mista Alan ya samo izinin masu filin, ya aro wata a-kori-kura mai babban inji. Ni duk a zatona kallo zan yi.

Wata Asabar muna hanyar dawowa Baba ya ce, "Malam A-Hankali, kai za ka ja."

Na yi dariya. Shi bai yi ba.

Ya yi mini bayani dalla-dalla, kuma da ma bai yi ba. In motar ba ta yi gudu sosai ba, jirgin ba zai tashi ba, ga shinge a ƙarshen titi, ga rami a bayan shingen. In kuma direba ya tsorata ya taɓa birki alhali jirgin yana kan tirela injinsa na ci, to jirgin zai haure katakon ya shigo kan motar da farfelarsa. Na cikin mota da na cikin jirgi, ba wanda zai ba da labari.

"Wa zai kasance a ciki?" na tambaya.

"Alan. Da ni."

Ya ce dole a samu wanda zai fita ya kama igiya in sun sauka a ruwa. Wannan gaskiya ne. Amma daga baya ya ƙara da cewa duk shekarunsa a soja yana gyara jirgi, hafsoshi suna hawa, shi yana ɗaga musu hannu. Bai taɓa tashi a jirgin da ya ɗaure da hannunsa ba.

Lokacin Fati tana rarrafe, yayyenta biyu suna firamare. Na ce, "Baba, ni da ake yi wa hon a roundabout? Ka nemi wani."

"Na nema. Kai ne."

Ban iya ce masa a'a ba. Mutumin da ka kwana a falonsa, da wane baki?

Aka yi gwaji da buhunan yashi a tirela maimakon jirgi. Baba ya manna jan salatif a agogon gudu, ya ce nan allura za ta kai. Ya zauna kusa da ni, ya naɗe hannuwansa a ƙirji, ya ce yau ba danna gwiwa, tunda ranar ba ya nan, sai magana ta oba-oba, rediyon hannu.

Muka ɗauki titi. Allura tana hawa, shinge yana matsowa. Saura kaɗan ta kai salatif sai ya daka tsawa.

"Taka!"

Na taka birki da duk ƙarfina.

Goshinsa ya daki gilashi. Buhu biyu suka tashi daga tirela suka faɗo a bayan motar, daidai inda farfela za ta shigo. Ƙura ta turnuƙe, ta wuce.

"Me na ce?" ya tambaya a hankali, yana dafe da goshi.

"Ka ce taka."

"Taka mene?"

A wurinsa taka totur ne. Ni kuwa tun ina yaro a Kano, in babba ya daka wa direba tsawa ya ce taka, to akuya ce ta shigo titi.

Na fita na tsaya ina kallon buhunan nan. Na ce masa ya gani da idonsa, ya sallame ni. Na ɗauka zai yi faɗa. Sai ya zagayo, goshi a kumbure, ya sa hannu ya juyar da madubin tsakiya ya kalli rufi, ya lanƙwashe na gefe biyun.

"Laifina ne," ya ce. "Daga yau an kashe taka. Ba zan ce komai ba. Kai da allura ne, kada ka duba baya. In ka ji na ce shi ke nan, sannan birki. Shiga mu sake."

Muka yi ta sakewa har yamma.

Na duba diary ɗina ɗazu don kada in ƙara gishiri. Abin da na rubuta a ranar tashin bai wuce layi biyu ba, cewa gari ya yi haske, iska kaɗan, kuma ban karya ba. Sauran a kaina yake, kuma in na yi kuskure a wani wuri, ba a babban abin ba ne.

Na tuna Baba ya yi alwala da ruwan jarka ya yi raka'a biyu a kan ciyawa. Na tuna ya ɗora rigar hana nutsewa ruwan lemo a kan kaftaninsa, don ranar kaftani ya sa, ya ce ba zai hau jirginsa da kayan gareji ba. Bitrus ya ce ya yi kama da liman ɗan kamun kifi. A nan ne ma na ji cewa Baba bai iya iyo ba.

Ya leƙo ta tagar motar, ya ajiye oba-oba a kujerar gefe, ya ƙure muryarta.

"Ka yi fitsari?"

"Na yi."

"To bisimilla."

Ba a jin komai da aka tayar da injin jirgin. Motar gaba ɗaya tana kaɗawa, iskar farfela tana jan ƙarar zuwa baya amma duk da haka tana cikin haƙorana. Bitrus ya sauke tutar da ke hannunsa. Na saka giya.

Nauyin ba irin na yashi ba ne. Yashi ja yake yi, wannan turo ni yake. Na kafa ido a allura. Ta hau, ta hau, ta zauna a kan jan salatif. Na riƙe ta a nan kamar yadda aka ce.

Ba abin da ya faru.

Jirgin yana nan a bayana, ina jin sa a sitiyari. Shingen da ke can nesa ya fara nuna ganyensa. Daga baya na ji cewa 'yar iskar da suke dogaro da ita ce ta kwanta, gudun salatif bai isa ba. Ni a lokacin ban san wannan ba. Abin da na sani, ƙafata ta dama ta fara sauƙi da kanta, tana son komawa inda ta saba.

Sai oba-oba ta yi ƙara. Mutumin da ya ce ba zai yi magana ba.

"Ba shi wuta. Ba shi wuta."

Wallahi abin da ya zo mini shi ne ba da ni yake ba. Mota ai ita ce, ba ta wuta ake cewa. Shi kuwa jirgi ne. Na ɗauka da matuƙin yake, ya manta yatsansa a kan maɓalli. Na ci gaba da riƙe allura a salatif, shinge yana tahowa.

"Ba shi wuta."

Sai hankalina ya dawo. Mista Alan ko sannu bai sani ba. A cikin motar nan da jirgin nan, mutum ɗaya ne ake yi wa Hausa. Kuma a bakin Baba Issaka, kowa shi ne.

Na danna totur har ƙasa.

Allura ta wuce salatif, ta shiga inda ban taɓa kai ta ba a rayuwata. Motar tana kuka. Sai na ji kamar an sauke mini dutse daga baya, ta yi tsalle gaba, tirela tana ƙarar banza. Inuwa ta rufe ni ta wuce. Ga cikin kwale-kwale biyu a saman gilashina, kusa har ina ganin layin kusoshinsu, suna hawa.

Ina jiran shi ke nan.

Ba ta zo ba. Abin da ke fitowa a oba-oba hailala ce da dariya a cakuɗe. Baba ya manta da ni sarai.

Ni kuma an ce kada in taɓa birki sai an ce. Sai da na ga wutsiyar jirgin a gabana ta yi nisa, na ce wa kaina, Habu, abin da ke gabanka ba zai faɗo maka ta baya ba. Na taka. Motar ta ja, tirela ta yi wutsiya, muka tsaya hancinmu cikin shinge, ƙaya tana karce gilashi.

Bitrus ya iso a guje ya buɗe ƙofa. Ya ce in sauko. Na ce ya ba ni minti ɗaya, don hannuna ya ƙi sakin sitiyari. Da yatsa-yatsa ya ɓamɓare shi.

Da la'asar Baba ya dawo Edmonton a jirgin ƙasa, kaftani jiƙe har ƙugu, don wajen kama igiyar ya zame. Ya shigo gareji yana tafiya kamar wanda aka naɗa sarauta. Na ce, "Baba, ba ka ce shi ke nan ba."

Ya tsaya, ya dafe baki. Sannan ya gyara murya, ya sa hannu a kunne kamar mai oba-oba.

"Malam A-Hankali, shi ke nan. Kana iya tsayawa."

Bitrus har ƙasa ya zauna don dariya.

Don Allah kada wani yaro ya karanta wannan ya ce zai gwada. Mutane biyu da suka san jirgi ciki da waje ne suka shirya shi, kuma duk da haka da ƙyar muka sha.

Jirgin daga baya Scotland aka kai shi, ba mu ƙara ganinsa ba. Baba ya koma ƙarƙashin motocinsa. Bai taɓa yin alfahari da abin ba, sai dai in ƙaramin jirgi ya wuce sama yakan dakata da aiki ya saurara, ya ce wannan injinsa lafiya lau, ko ya ce wannan a duba shi.

Shi ya je mini neman aure, da Hausarsa ta zango, a gaban surukaina 'yan Zariya. Ya ce musu, "Yarinyanku ya yi sa'a." Suka rasa ko su yi dariya.

Da aka haifi ɗana na fari shi ya yi masa huɗuba.

Da mahaifiyata ta rasu ban samu zuwa gida ba, kwana uku yana rufe aikinsa da wuri ya zo ya zauna da ni. Ba ya cewa komai, goro kawai yake ɓarawa ya miƙo mini.

Ganina da shi na ƙarshe makonni kaɗan ne da suka wuce, a asibiti a Whitechapel. Ya rame ƙwarai. Hannuwan nan da na sani da baƙin mai sun yi fari tas, har na kasa kallonsu. Anti Memuna tana gefe tana ɓare masa lemon da ba zai sha ba.

Ya buɗe ido ya gan ni. "A jirgin ƙasa ka zo ko a mota?"

"A mota, Baba."

"Shi ya sa ka makara."

Muka yi hira kaɗan. Akwai tambayar da na yi shekara kusan ashirin ina ɗauke da ita, na ga in ban yi ranar ba, ba zan ƙara samu ba. Na ce, "Baba, ranar jirgin nan. Ga direbobi cike da Edmonton, masu zuciya. Me ya sa ni?"

Ya lumshe ido har na ɗauka barci ya ɗauke shi.

"Na tambayi Bitrus, ya ce yana da yara. Na tambayi wani Baturke, ya zage ni. Kai ne ba ka iya cewa a'a ba."

Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi, nas ta leƙo. Ni ma na yi dariya. A raina na ce to, ai da ma haka ne, me nake tsammani.

Da zan tafi ya riƙe hannuna ya ce in gaida yara, in kuma duba tayar baya ta hagu, tun bara ya ga ta fara cinyewa.

Anti Memuna ta rako ni har bakin lif. Ta danna maɓalli, ba ta dube ni ba, ta ce, "Ƙarya yake maka."

Na ce, "Anti?"

"Bai tambayi kowa ba. Ni na yi faɗa da shi sati guda. Na ce in ka hau abin nan, zan kwashe yara in koma Kumasi. Na ce kuma duk direban London ka rasa wanda za ka ba ranka sai Habu, da ke tsoron keke?"

Lif ya zo ya buɗe. Ba mu shiga ba, ya rufe ya tafi.

"Ya ce, Memuna, masu zuciyan nan kansu kawai suke ji. In abu ya ɓaci, kowa zai yi dabaransa. Habu yana tsoro, shi ya sa kunnensa a buɗe yake. In na yi magana zai ji." Ta goge ido da gefen mayafi. "Da zai fita da safen ya ce, ka auna shinkafa da ni, Habu ne zai ja."

Na sauko na zauna a mota a wurin parking.

Duk tsawon shekarun nan ina ganin tsoron nan nawa aibi ne da ya yi haƙuri da shi. Ashe shi ya duba ya ga abin da zai ɗora ransa a kai, ya kuma ɗora. Haka yake da mota, haka yake da mutane. Abin da wani zai ce a jefar, shi sai ya juya shi ya ga inda zai yi aiki.

Ya Allah, ga bawanka Issaka ya zo. Ya tufatar da baƙo, ya ba shi wurin kwana, bai taɓa goranta masa ba. Ka karɓe shi fiye da yadda ya karɓe mu. Ka yafe masa kurakuransa, Ka yalwata masa kabarinsa, Ka sanya shi a Aljanna Firdausi. Ka ba Anti Memuna da Fati da yayyenta haƙurin da ba su da shi yau.

Iyalin za su sanar da lokacin jana'iza. 'Yan Edmonton da ba su da abin hawa su yi mini magana, akwai wuri a motata.

Wanda ya karanto har nan, ko ka san shi ko ba ka san shi ba, ina roƙonka kada ka wuce haka. Ka ambaci sunansa, Issaka, ka nema masa gafara. 'Yan'uwanmu Kirista irin su Bitrus, ku ma ku sa shi a taku addu'ar, ya ɗauke ku 'yan'uwa.

Allah Ya jiƙan Baba. Mu kuma Ya kyautata namu ƙarshen.